Taku Saba'in Daga Bakin Kogi

Tun da na dawo daga Kumbulari mata ba su bar ni na huta ba. A bakin famfo a tare ni, a gidan suna a tare ni. "Ya Talatu, yaya garin?" "Ya Talatu, kin ga kabarin?" Duk wadda na ba labari sai na yi kuka, kuka kuwa ciwon kai yake bar mini. Shi ya sa na roƙi Malama Yagana, maƙwabciyarmu a nan unguwar Bulunkutu ta birnin Yerwa, mai koyarwa a firamare, ta ɗauko biro ta rubuta shi sau ɗaya. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Wadda ta sake tambaya a karanta mata. Na gaya wa Malama in ta ga na tsaya ina share ido, kada ta rubuta wannan, ta jira ni kawai.

Kumbulari ƙauyenmu ne a bakin kogi, gaba da Konduga. A Yerwa na ji ana ba kogin suna, mu dai kogi kawai muke cewa, don ba mu da wani. Unguwa uku ce. Ta sama ta Barebari ce, manoma, su suka fara zama, a cikinsu ake naɗa Bulama, wato mai gari. Ta ƙasa tamu ce, Hausawa masunta da masu lambu. Kakan maigidana ne ya taso daga yamma za shi Makka a ƙasa, ya tsaya a bakin kogin nan ya sha ruwa ya huta. Har yanzu ba a ci gaba da tafiyar ba. Ta uku ta Larabawan Shuwa ce, su da rani suke sauka da shanu, damina ta yi su tashi. Yawan mutane ban san shi da lissafi ba. Abin da na sani, in aka yi rasuwa tukunya uku ake ɗorawa kowa ya ci, in biki ne biyar.

A garinmu ba a cewa gabas ko yamma. Sama da ruwa ake cewa, ko ƙasa da ruwa. In za ka yi salla ka ba kogi kafaɗarka ta hagu, ka sami alƙibla. Gona, lambu, gida, duk da taku ake auna su daga bakin ruwa. A ce lambun wane yana taku hamsin, gidan wane yana taku ɗari da ashirin. Kogin kuwa ba ya zama wuri ɗaya, kowace damina sai ya ɗan ci gaɓa a nan ya ajiye yashi a can. Tsofaffi sun ce sau biyu garin yana tashi yana ja da baya saboda shi. Don haka duk shekara in ruwa ya janye, Bulama da dattawa sukan bi gaɓa su auna, sannan Bulama ya tsaya a ƙofar masallaci ya faɗa da ƙarfi, bana kogi ya ci taku biyu, ko ya mayar da taku ɗaya. Jama'a su ce sun ji. Kowa ya gyara lissafinsa a ka. Gyaran taku muke kiransa, kuma tun da aka kai ni gidan miji ban ga shekarar da aka fasa ba.

Shekarar da yaran daji, masu bindigar nan da ke ƙone garuruwa, suka matso, mutane suka fara tashi gida gida. Maigidana ya ƙi. Ba zan faɗi sunansa ba, shekara arba'in da wani abu ban faɗa ba, ba yau zan fara ba. Albasarsa ta kusa cira, ya ce mu jira kwana goma. Na yi magana ya ƙi, 'yarmu Hauwa ta aiko daga Yerwa ya ƙi. Ranar da motar ƙarshe ta zo ɗaukar mata, ya rako ni har bakin hanya yana riƙe da ƙunshina. Ya ce, "To, sai na iso." Ni kuma na fizge ƙunshin na ce, "Zauna ka auri albasar." Na shiga mota ban waiwaya ba. Maganata ta ƙarshe da shi ke nan a duniya.

Kwana huɗu bayan nan yaran dajin suka shigo. A lambu suka same shi. Abokinsa Ba Modu, ƙanin Bulama, shi da mutum biyu suka fito daga inda suka ɓuya suka binne shi nan inda ya faɗi, don ba halin kai shi maƙabarta. Da Ba Modu ya zo mini gaisuwa a Yerwa ya ce, "Na auna, Ya Talatu. Taku saba'in daga gorubar mashaya, ka ba kogi baya ka miƙe." Shekara bakwai ina riƙe da wannan saba'in ɗin. Mata da miji kan yafi juna kafin a rabu, mu ba mu yi ba. Abin da nake so kawai in tsaya a kansa in ce na yafe masa, in roƙe shi ya yafe mini. Wani malami a unguwarmu ya ce daga ɗakina ma addu'a tana isa. Na ce na yarda addu'a tana isa, amma wannan magana ce, ita kuwa magana a gaban mutum ake yinta.

Da aka buɗe hanya, aka fara barin manoma suna fita da rakiya, Ba Modu ya aiko daga Konduga, inda yawancin mutanenmu suke zaune yanzu, ya ce in zan iya in zo. Hauwa ta ce ba inda za ni. Mijinta ya ce a bar ni, in aka hana ni zan tafi a ɓoye ne, gara a san motar da na shiga. Ya fi ta sanina.

Da sassafe keke ya ɗauke ni daga Bulunkutu zuwa tasha. Mun cika mota tun rana ba ta fito ba, muka zauna har hantsi, don ba a tashi sai sojoji sun duba hanya sun ce a wuce. Ba wanda ya yi ƙorafi. Matar da ke kusa da ni ta kwance ƙosai muka ci, ta tambaye ni ina za ni, na ce wurin mijina. Ta ce Allah ya sa in same shi lafiya. Na ce amin, don ban ga amfanin ɓata mata ƙosai ba.

A bakin gari akwai ramin da aka haƙa ya zagaye Yerwa, nan ne shinge. Da can in ka ji iyaka sai ka tuna Kamaru, yanzu iyaka tana bayan gidajen mutane. Kowa ya sauka, aka jera mu, maza gefe mata gefe. Mu mata aka ce mu tsaya nesa mu ɗaga hannu mu kaɗa lafaya, mu juya, don a ga ba abin da muka ɗaura a jiki. Na kaɗa na juya. Tun ina budurwa ba a tara mutane ana kallona ina juyi ba. Wani soja mai fara'a, Hausarsa a karye, ya karɓi katina ya duba hoton ya dube ni.

"Mama, ina za ki?"

"Kumbulari."

Ya buɗe wata takarda ya bi ta da yatsa har ƙasa, ya sake hawowa. "Babu wannan gari."

"Da akwai," na ce. "Na haifi bakwai a cikinsa, na binne huɗu."

Ya ce a rubuta Konduga. Sannan ya kwance ƙunshina, ya ga garin kunu, goro, da kwalbar turaren wuta. Ya shinshina turaren ya yi atishawa sau uku, abokansa suna ta dariya. Ya ɗaure mini ƙunshin da kansa, ɗaurin da sai da wuƙa aka kwance shi a Konduga.

Hanya ba ta da nisa, amma a jere ake tafiya, motar sojoji gaba motar sojoji baya, ba a tsayawa ko fitsari ya matse ka. An sare itatuwan gefen titi don a riƙa hango nesa. Garuruwan da na sani a da ina wucewa ina sayen gyaɗa, yanzu bango ne tsaye ba rufi. Direba yana ta kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya kamar zai sauke wani. Ba wanda ya sauka.

A Konduga Ba Modu ya tarye ni. Na san shi dogo, yanzu ya ranƙwafa, ido ɗaya ya yi fari. Muka gaisa muka yi wa juna gaisuwar waɗanda suka mutu, ta ɗauki lokaci. Ya ce ɗakinsa ɗaya ne kuma cike yake da jikoki, don haka a wurin ƙanwarsa zan sauka. Na ce wace ƙanwar? Ya ce Bintu. Na ce inna lillahi.

Ya Bintu maƙwabciyata ce ta kusa, gidanta ne na ƙarshe a unguwar sama, nawa na farko a ta ƙasa. Akuyarta ta cinye mini kuɓewar da na shanya, na jefe ta da muciya ta gurgunce, akuyar nake nufi. Daga ranar shekara ashirin ba mu gaisa ba. Na same ta zaune a ƙofar ɗaki tana tsintar yakuwa. Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa.

"Afuno," ta ce, haka Barebari ke kiran Bahaushe. "Ba ki mutu ba?"

"Ina jira ki riga ni, in ga yadda ake yi."

"Kin rame. Abincin birni bai karɓe ki ba."

"Ke ma haƙoranki sun yi hijira, na gani."

Ta matsa ta ba ni gefen tabarma. Na zauna na sa hannu a yakuwar. Ba mu ƙara tada zancen akuya ba, sai dai na lura ta ajiye muciyarta can bayan tulu.

Gidajen da aka gina musu abin kallo ne. A jere suke kamar haƙoran mataji, fenti iri ɗaya, kwano iri ɗaya, kowanne da lamba a ƙofa. Lamba ba ta yi mini amfani ba. Na fita kewayawa, da na dawo na shiga ɗaki na zauna har na kwance lafaya, sai wani tsoho ya yi tari daga kan gado ya ce mini sannu da zuwa. Ya Bintu ta ba kowa labarin nan kafin magariba. Su a can ba a tambayar mutum ɗan wane gida ne, sai a ce layi na nawa. Mutanen gari biyar a layi ɗaya. Ɗan Kumbulari yana maƙwabtaka da wanda a da ba zai ba 'yarsa ba, ga shi yanzu har an yi auren.

Ta tuƙa burabusko da miyar yakuwa, ba kifi. A garinmu kifi ko kyanwa ta ƙoshi da shi. Nan ta ɗauko kan tarwaɗa busasshe guda ɗaya ta jefa a miya, da miyar ta nuna ta tsame shi ta ajiye na gobe. Muna ci muna lissafa mutanen garinmu, gida gida, daga sama da ruwa zuwa ƙasa da ruwa. Wane yana nan layi na huɗu. Wane yana Yerwa yana tura baro a kasuwa. Wance ta tsallaka Kamaru da 'ya'yanta. Wane an kashe shi, wane an tafi da shi, wane kuma shi ya bi yaran dajin da ƙafarsa, uwarsa tana nan layi na biyu ba ta fita ko famfo. Larabawan Shuwa ba wanda ya san inda suka yi, sai labarin shanunsu da aka ji a kasuwanni. Bulama ya rasu a asibiti, ba a naɗa wani ba, don ba a san Bulaman ina za a ce ba. Ya Bintu ta ce yanzu in aka yi rasuwa tukunya ɗaya ma sai ta yi saura. Nan na yi kuka, ita ma ta yi, sannan ta ce in ci abinci kada in sa mata gishiri a miya.

Washegari muka fita da manoma. Konduga ma rami ya zagaye ta, ƙofa ɗaya ce, ana buɗe ta da safe, kuma duk wanda la'asar ta yi masa a waje ya san ta kansa. Ba Modu ya samo mana wani ɗan sa-kai mai suna Bukar, magidanci ne mai 'ya'ya, ɗan wani gari can gaba, yana da bindigar toka da layu har gwiwar hannu. Ya Bintu ta ce ita ma za ta, wai don ta ga abin da na sace mata kafin in gudu. Muka hau bayan a-kori-kura tare da masu itace. Inda mota ta tsaya muka sauka muka ci gaba da ƙafa.

Bukar ya ce, "Iya, inda na taka nan za ki taka. Kada ki ɗauki komai a ƙasa, ko da kin ga naki ne. Inuwa ta kai nan," ya nuna da bakin bindiga, "mun juya, ko an gama ko ba a gama ba."

Ba ta tsohuwar hanyarmu muka bi ba, wai ba a duba ta ba. Ta wata sabuwa muka zagaya wadda masu itace suka fitar, sai ga mu a bakin kogi. Na sa hannu na sha, ɗanɗanon yana nan. Amma gari babu. Ciyawa ce ta fi tsawon mutum, da ƙaya, da tudu tudu na ƙasa inda ɗakuna suka narke. An sare manyan itatuwa an yi gawayi. Na tsaya ina juye-juye, ni da na shekara arba'in a wurin, ban iya nuna ƙofar gidana ba.

Ba Modu ya bi gaɓa yana kare ido da hannu har ya hango goruba guda tsaye a bakin ruwa. Ya ce ga gorubar mashaya. Ya jingina bayansa da ita, ya yi bismilla, ya fara takawa yana ƙirgawa da Barbarci. Bukar yana gaba yana kwantar da ciyawa, mu muna baya. A saba'in ya tsaya. Ga ɗan tudu a gabansa, mai tsawo kaɗan, ciyawa ta rufe shi. Ya ce, "Nan ne."

Na matsa gaban tudun. Na durƙusa na dafa ƙasar nan da hannu biyu. Na yi sallama, na kira shi da abin da nake kiransa a ɗaki. Na gaya masa Hauwa ta haifi uku bayansa, an sa wa na tsakiyan sunansa. Na gaya masa maganar da na yi a bakin mota ba ta kai zuciyata ba, tsoro ne ya fito ta bakina. Na ce na yafe masa, na roƙe shi gafara. Kukan da na yi a wurin ban yi shi ba ko ranar da aka kawo mini labari. Ba Modu ya yi addu'a mai tsawo muka shafa. Ya Bintu ta riƙe mini kafaɗa. Da na miƙe na ji jikina sakayau, kamar an sauke mini tulu daga ka. Na rarraba goron da na zo da shi sadaka.

Azahar ta yi, muka koma bakin ruwa don alwala. Bukar yana share mana wurin salla a gindin gorubar, sai gindin bindigarsa ya daki wani abu ya yi ƙara. Ya ture ciyawa da ƙafa. Siminti ne, shimfiɗe, gefensa ɗaya ya karye ya rufta cikin ruwa.

"Ba Modu, kuna da siminti a mashaya?" in ji Bukar.

Ba Modu ya matso. Ya tsuguna ya shafa daɓen, ya bi gefensa da hannu har inda ya ɗan fita waje, wurin tsayuwar liman. A duk Kumbulari wuri ɗaya ne aka taɓa zuba wa siminti. Ya ɗaga kai ya dubi gorubar ya daɗe.

"Wannan gorubar masallaci ce," ya ce.

"Masallaci kuma a bakin ruwa?" in ji Ya Bintu. "Masallaci ai yana taku ɗari."

"Yana taku ɗari a gyaran ƙarshe." Ya zauna a kan simintin ya cire hula. "Shekara bakwai ba wanda ya yi gyaran taku. Ni kuma na zo na auna kamar jiya muka tashi."

Muka dubi ƙetare. Can gaba da ruwan akwai fili na farin yashi mai faɗi, ciyawa ta fara fitowa a kai. Nan ne kogin yake a da. Da muna nan yakan ci taku ɗaya ko biyu a gaban idonmu, mu faɗa, mu gyara. Da ya ga ba kowa, ya taho har ƙofar masallaci. Mashaya ta tafi, gorubarta ta tafi, lambuna duka sun tafi.

Bukar ya ce, "To wancan tudun fa da Iya ta yi wa kuka?"

Ya Bintu ta fara lissafi da yatsu, tana motsa baki. Daga masallaci ka miƙe, gidan liman, gidan Bulama, gidan maƙeri. Ta tsaya. Ta koma cikin ciyawar ba ta jira Bukar ba, muka ji tana tona ƙasa da sanda. Ta dawo riƙe da ɓarin tukunya mai zanen da na sani.

"Afuno," ta ce, "rumbuna ne."

Ba wanda ya yi dariya sai daga baya, a mota. Hawayen shekara bakwai a kan rumbun Ya Bintu na zubar da su, har da sadakar goro. Ta ce ita dai ta yafe, in ma rumbun nake roƙo.

Na zauna a kan simintin. Nauyin da aka sauke mini ya dawo ya hau inda yake, ya ƙara da wani. Bukar ya dubi inuwa ya ce saura kaɗan. Ba Modu yana ta cewa in yafe masa, tsufa ne, ido ne. Na ce ya bar wannan, ya yi mini lissafi. Masallaci yana ɗari, maigidana yana saba'in. Daga nan zuwa wurinsa nawa?

"Talatin," ya ce. "Amma ta can." Ya nuna ruwa.

"Zurfinsa fa?"

Bukar ya ce da rani ne, ba zai wuce cinya ba, amma shi bai ba da shawara ba, kuma in aka hango mu daga ƙetare ba inda za mu ɓuya. Na ce ya tsaya a gaɓa ya riƙa duba mana ƙetaren, aikinsa ke nan. Muka yi salla a gurguje a kan simintin. Na tuɓe takalma na ba Ya Bintu, na ɗaure lafaya a ƙugu. Ba Modu ya naɗe wando ya jingina da gorubar, wannan karon fuskarsa ga kogi. Ya ce takunsa ya gajarce tun wancan lokaci, don haka zai riƙa buɗe ƙafa. Ya shiga, na riƙe bayan rigarsa.

Ruwan da sanyi. A taku goma ya kai mini gwiwa, a ashirin ya wuce. Yashi yana zamewa a ƙarƙashin ƙafata, ƙananan kifaye suna taɓa mini ƙwauri. Ni matar mai lambu ce, ɗiyar masunta, amma na shekara bakwai ban shiga ruwan da ya wuce bokiti ba. Ba Modu yana ƙirgawa da ƙarfi. A talatin ya tsaya ya juyo.

Ba tudu, ba alama. Ruwa ne kawai yana wucewa ta tsakanin ƙafafunmu, ana ganin yashi a ƙasa, mai tsabta. Na zaci hawayena sun ƙare a kan rumbu, ashe da saura.

Na ce, "Ba Modu, tsakaninka da Allah. Yana nan ƙasa, ko ruwa ya tafi da shi?"

Ya sunkuyar da kai. "Mun yi sauri ranar, Ya Talatu. Da fartanyar lambu muka haƙa. Ramin bai yi zurfi ba."

"To ba ka sani ba ke nan."

"Ban sani ba."

Bukar ya ɗaga murya daga gaɓa ya ce inuwa ta kai. Na ce wa Ba Modu ya matsa gefe ya ba ni baya, maganar ba tasa ba ce. Ya matsa.

Na sunkuya har haɓata ta kusa taɓa ruwa, na dubi yashin, na yi sallama na faɗi maganata duka, ban rage komai ba don na riga na faɗe ta sau ɗaya. Sannan na miƙe na juya ƙasa da ruwa, inda kogin yake tafiya har ya sha kwana ya ɓace a cikin ciyawa. Na ɗaga murya yadda nakan kira shi daga gida in abinci ya sauka, na sake faɗinta daga farko.

Allah ya jiƙansa a duk inda yake kwance. Malama, ajiye biron haka nan.